Wake Daga Gidan Surukai

Ku matso kusa 'yan uwa, yau a cike nake fam, idan ban amayar muku ba fashewa zan yi. Wadda ke cin abinci ta ajiye cokali tukuna, don labarin nan na hanji ne, kuma ba zan yi masa kwalliya ba.

Ni ce Auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida, ina aiki a wani shagon buga takardu. Yayyena biyu suna gidajen aurensu can nesa, saboda haka duk wata hidimar Baba a kaina take ƙarewa. Shi kuwa Baba tsohon hedimasta ne, shekara talatin da ɗaya yana riƙe da makaranta. Mutum ne da ko atishawa ta taso masa sai ya shiga ɗaki. Tun da aka haife ni ban taɓa ganinsa da singileti a falo ba, kuma idan zai kewaya sai ya buɗe famfo don kada a ji motsinsa.

To wannan mutumin ne likita ya ce yana da kansar furostet, wani ɗan ƙullutu da maza ke da shi a ƙarƙashin mafitsara. Alhamdulillahi an gano ta da wuri. Maganin shi ne gashi da na'ura har sau ashirin, Litinin zuwa Juma'a, ba fashi.

Ranar da aka je awo, matar da ke kula da na'urar, wata gajera mai kaifin baki da kowa ke ce wa Sista, ta zaunar da ni da Baba ta zana mana hoto a bayan takarda.

"Ga furostet, ga ƙarshen hanji manne a bayansa," in ji ta. "Hasken da muke harbawa ba shi da ido, inda muka auna nan zai je. Idan hanji ya cika da iska ko bayan gida sai ya kumbura, ya ture furostet gefe, ya shigo hanyar hasken. Ka ga an gasa wanda bai ci ba bai sha ba. Daga nan sai gudawa, sai raɗaɗi, sai jini, wani har bayan shekaru yana fama."

Baba ya ƙura wa agogon bango ido kamar da agogon ake magana.

"Abu biyu nake so kullum, Hedimasta. Hanji a wofi, mafitsara a cike. Ka kewaya da safe kafin ka fito. Saura minti arba'in a sa ka a na'ura ka sha ruwa kofi uku ka riƙe, don cikakkiyar mafitsara tana ɗage sauran hanjin sama daga hanya. Abinci kuma, a tsarinmu na nan, ban da wake, ban da kabeji, ban da ɗanyar albasa, ban da lemon kwalba, har a gama."

Ni uwar zumuɗi, ina komawa shago na buga dokokin da manyan baƙaƙe, na sa musu leda, na zo na manna a ƙofar firij. Ko minti goma takardar ba ta yi ba Baba ya ɓalle ta, ya kira ni ɗakinsa ya rufe ƙofa.

"Wannan magana daga ni sai ke sai uwarki. Kowa ya tambaya, ciwon baya ne ake gasa min. Har Gwaggonki. Musamman kuma yaron nan. Ki yi min alƙawari."

Na ce, "Na yi, Baba." Da na san abin da bakina ya jawo min, wallahi da na cije harshena.

Yaron nan da Baba ke nufi shi ne wanda zan aura. Malamin koyar da tuƙi ne, a can muka haɗu, ban iya tuƙin ba amma na dawo da saurayi. A gidanmu Sannu-Sannu ake ce masa a bayan idonsa, saboda bawan Allahn nan ko titi ba kowa sai ya ba da sigina, kuma mai keke yana iya wuce mu ya waiwayo. Dogo ne, da tabarau, da fararen riguna masu kari kamar za su yanka mutum. Ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba. Manya sun shiga maganar, an ce a jira Baba ya samu sauƙi a sa rana.

Gwaggo, yayar Baba, ita ta haɗa wannan tafiyar. Tana jin za a riƙa zuwa asibiti kullum ta ce, "Ga suruki da mota a hannu za ku tsaya tare tasi? Ke Auta, wannan ne fa na uku da ya zo. Na farko kin ce surutu, na biyu kin ce rowa. Wannan idan ya kuɓuce sai dai mu jiƙa ki mu sha." Shi ma da aka gaya masa har da godiya, ya ɗage ɗalibansa na safe. Baba yana gaba a kujerar da ke da birkin malami, kamar motar tana bukatar ƙarin birki, ni ina baya da jakar takardu. Idan mun isa Sannu-Sannu zai zauna a mota, don Baba ya ce ba a shiga da mutum biyu.

Satin farko lafiya lau, sai dai ruwa. Ƙarfe tara ake sa Baba, ya kamata ya sha takwas da minti ashirin, a lokacin kuwa muna kan hanya. Baba ya ce ba zai ɗaga gora yana kwankwaɗa a gaban yaro a tambaye shi dalili ba. Sai mun shiga zai sha, layinmu ya wuce, mu zauna jira. Na ce wannan mai sauƙi ne, ashe wasa farin girki.

Ranar Asabar da yamma sai ga Sannu-Sannu da kula mai hawa uku da leda a hannu. Na tare shi da doguwar rigata ruwan toka da mayafi, ina ta murmushi, ban san ajalina ya ɗauko ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya jawo ɗan teburin falo, ya buɗe. Wake ne, jama'a. Wake har baki, an yanka kabeji da ɗanyar albasa a kai, ga lemon kwalba biyu suna raɓa.

"Mama ce ta ce a kawo, Baba. Ta ce mai ciwon baya wake ne abincinsa, yana ƙarfafa ƙashi yana ƙara jini. Da hannunta ta dafa."

Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya watso min wani kallo irin wanda yake yi wa ɗalibi a layin safe. Ya gyara zama ya ce, "Madalla. Allah ya saka mata da alheri." Ya karɓi cokali. Ina tsaye ya cinye tas, ya kora da lemo, shi kuma gogan yana ta ƙara masa yana cewa, "A daure a ƙara, Baba."

Na faɗa kicin na samu Umma ta rafka tagumi.

"Umma, kina gani fa!"

"Ina gani, to me zan yi? Abin surukai ake mayarwa? So kike a ce mun raina girkin uwarsa tun ba a kai ki ba?"

"To a gaya masa gaskiya mana!"

"Je ki gaya wa ubanki haka, ni ina nan."

Na ce to na yau ne kaɗai. Ina! Lahadi ga kula. Litinin ga kula. Baiwar Allahn nan ta ji an cinye an suɗe, sai ta ɗauka ta gano maganin ciwon baya.

Ba irin dabarar da ban yi ba. Na ce masa Baba yana barci, sai Baba ya yi gyaran murya daga ɗaki ya fito da hularsa, wai bai kamata baƙo ya zo ya koma ba a gaisa ba. Na ce bari in ɗumama a kicin, na juye waken na zubo farar shinkafa, sai gogan ya leƙa kwano ya ce, "A'a, ranki ya daɗe, ina waken? Ko kin ɓoye wa kanki ne?" Har Baba ya yi dariya, ni na koma na ɗauko ina tsaki a zuci.

A asibiti kuwa asiri ya fara tonuwa. Kullum kafin a kunna na'ura sai an ɗauki hoton ciki. Ranar Litinin Baba bai yi minti biyar a ciki ba sai ga shi ya fito, Sista na biye da shi.

"Iska ta yi yawa, Hedimasta. Je ka zazzaga ka rage, ka kewaya, sannan mu sake shan ruwa daga farko."

Akwai wani dogon baranda a bayan sashen, nan ake tura masu irin wannan matsala. Tsofaffi uku huɗu suna kai da komo, kowa da gorarsa, sun saba har suna tsokanar juna. Wani mai farin gemu, tsohon direban babbar mota, ya ga Baba ya ce, "Barka da shigowa ƙungiya, Malam! A saki jiki, a nan ba a jin kunyar kowa, wanda ya fi ƙara shi ne shugaba." Baba ya ɗaure fuska ya wuce can ƙarshe, hannu a baya, yana tafiya kamar mai duba aji. Na tsaya daga nesa ina kallonsa, dariya na cina, tausayi kuma ya fi dariyar yawa.

Talata haka. Laraba haka, har sau biyu aka sauko da shi daga kan na'ura. Abin da ake gamawa cikin kwatan awa sai mu kai sha ɗaya da rabi. Idan mun fito Sannu-Sannu ya ce, "Yau an daɗe, Baba," Baba ya ce, "Layi ne."

Daga Laraba gudawa ta fara. Tun asuba nake jin famfon banɗaki yana zuba, ya tsaya, ya sake zuba. Baba ya daina zama daidai a kujera, sai a karkace. Da safiyar Alhamis na tarar da Umma tana wanki a bayan gida, tana ganina ta dulmiya wandon cikin kumfa, amma na riga na ga jini.

Ranar Sista ta ja ni gefe ta juyo min da allon kwamfuta. Ta nuna wani baƙin dunƙule a hoton.

"Kin ga wannan? Iska ce. Satin farko babu ita. Me yake ci?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Wake."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Ke da kika ce min har leda kika sa wa takardar?"

Na ba ta labari a taƙaice. Ba ta yi dariya ba.

"Ki saurare ni. Ɗan sakin ciki ana samunsa ko mutum ya kiyaye, likita zai duba shi yau ya rubuta abin da ya dace, kada ku sayi komai da kanku. Amma wannan ƙarin ku kuke jawo shi. Ba zan harba haske a kan hanjin da ya kumbura ba. Idan aka ci gaba haka dole a tsaya a sake awo, kuma yankewa a tsakiya ba alheri ba ne ga mai wannan ciwo. Saura sha ɗaya bayan na yau. Ku zaɓa, kunya ko hanji."

A gida na shiga ɗakin Baba na durƙusa. Yana kishingiɗe a gefe ɗaya, fuskarsa ta faɗa.

"Baba, don Allah ka bar cin waken nan. Ka ce likita ya hana, shi ke nan, ba sai ka faɗi dalili ba."

"Wane likitan baya ne ke hana wake? Zai tambaya. Uwarsa za ta tambaya. Ƙarya ɗaya na yi tana damuna, so kike in yi mata 'ya'ya?"

"To ka bar ni in gaya masa. Shi kaɗai."

Ya tashi zaune da ƙyar. "In zauna da yaron da zai auri 'yata, yana kallona yana tunanin ko na kewaya yau? Ya san inda ake gasa min? Auta, in dai sai an kai nan, na haƙura da gashin. Wanda bai yi gashi ba ma kwanansa ne zai kai shi."

Kun ji fa. Mutumin da ya koyar da dubban yara tsafta da kiwon lafiya, shi ne zai bar maganin kansa saboda kwanon wake. Na fito ina huci, na ci karo da Gwaggo a falo ta zo dubiya, ta baje a kujera tana fifita da gefen mayafi.

"Ke kuma wa ya mutu kike kumbure-kumbure? Na ji labarin kula. Kin ga gidan mutunci! Tun ba a ɗaura ba suna jinyar ubanki. Ki riƙe da kyau, ki rage wannan baƙin halin naki."

Na ce, "To, Gwaggo," don idan na ƙara kalma ɗaya sai an yi abin kunya.

Da yamma kula ta zo, Baba ya ci rabi, ya ce ya ƙoshi. Bayan Sannu-Sannu ya tafi sai ga saƙonsa.

"Ranki ya daɗe, yau Baba bai ci sosai ba. Mama ta ce ko gishiri ne ya yi yawa?"

Na rubuta, "Ka ce mata ta huta haka, ɗawainiyar ta yi yawa."

"Wace ɗawainiya? Ta ce gobe za ta ƙara kabeji."

"Don Allah a bari."

Ya ɗan jima, ina ganin alamar yana rubutu yana gogewa. Sannan: "Ko akwai abin da muka yi ne? Mama ta ce in tambaya, idan girkinta ne bai yi muku ba a faɗa mata, ba za ta ji haushi ba."

Duk macen da ta ce ba za ta ji haushi ba ta riga ta ji. Na jefa wayar kan gado na ce oh ni 'yasu, gaba kura baya sayaki. In yi shiru hanjin Baba ya ƙone ko ya bar magani, in hana kula in ɓata da uwar miji, in faɗa in karya alƙawari.

Ranar Juma'a aka sake sauko da Baba. Na gan shi ya nufi barandar nan yana dafa bango, direban babbar mota ma yau bai tsokane shi ba. A nan zuciyata ta yanke. Na sauka filin ajiye motoci, na buɗe gaba na zauna. Sannu-Sannu yana goge madubi da ɗan ƙyalle.

"Har an gama?"

"Malam, zan gaya maka magana, amma ka riƙe ta kamar ba ka ji ba."

Na faɗa masa komai. Sunan ciwon, inda yake, hanji a wofi, mafitsara a cike, kofi uku saura minti arba'in, jerin abin da aka hana, barandar, har jinin. Ina magana ina kallon akwatin gaban mota don ba zan iya haɗa ido da shi ba. Da na gama ya kama sitiyari da hannu biyu, motar da ko kunna ta ba a yi ba.

"Kwana shida," ya ce a hankali. "Kwana shida ina zuba wa mutum abin da ke cutar da shi, ina cewa a daure a ƙara. Kina tsaye."

"Alƙawari na yi masa."

"Idan ɗalibina zai hau kan mutum, birki nake takawa, Auta, ba na tsayawa tunanin ko zai ji kunya."

Ban taɓa jin ya kira ni Auta ba sai ranar. Na fashe da kuka, haushinsa, haushin Baba, haushin kaina, har da haushin wake. Ya miƙo min ƙyallen goge madubin, ya ga abin da ya miƙo, ya janye da sauri ya ba ni hankici.

"Ya isa. Ki bar min Mama, na san abin da zan ce mata ba tare da na tona ba."

"Ka rufa min asiri, kada Baba ya gane ka sani. Ko a fuska."

"Haba, sai ka ce yaro. Ba zai taɓa ganewa ba."

Na yarda. Na manta cewa mutumin nan ko ƙaryar wasa bai iya ba.

Da yamma ya zo da kula kamar kullum. Ya buɗe, sai ga farar shinkafa, dafaffen kifi ba yaji, da ayaba biyu. Ba lemo. Ya ce, "Mama ta ce a ɗan canza, Baba, kada a gaji da abu ɗaya." Baba ya dubi kular, ya dubi Sannu-Sannu, ya dube ni. Na shiga gyaran labulen da ba abin da ya same shi. Ya ci ya yi godiya.

Asabar da Lahadi ba gashi, cikin Baba ya samu hutu. Ga abinci mai sauƙi, ga maganin da likita ya rubuta, famfo ya rage zuba. Ranar Lahadi har ya zauna daidai ya karanta jarida, Umma ta dube ni ta ɗaga hannu sama. Na ce a raina shi ke nan, mun tsallake, an yi maganin abin ba wanda ya ji kunya.

Litinin na shirya cikin baƙar abaya da mayafi ruwan ƙasa, har da ɗan turare, zuciyata wasai. Muka kama hanya. Muna tsakiyar babban titi sai na ji ƙyas-ƙyas ɗin sigina. Sannu-Sannu ya duba madubi, ya duba na gefe, ya gangara bakin hanya ya tsaya, ya ja birkin hannu. Na dubi agogon mota. Takwas da minti ashirin daidai.

Na shiga zungurar bayan kujerarsa da gwiwa, ko a jikinsa. Ya sa hannu a ƙarƙashin kujera ya zaro gorar ruwa sabuwa. Jama'a, har ya ja mata layi uku da jan alƙalami, kofi ɗaya, kofi biyu, kofi uku. Ya kau da kai can wajen taga, wai shi nan mai sirri, ya miƙa wa Baba da hannu biyu.

"Baba, lokaci ya yi."

Da ƙasa za ta tsage da na shige da jakata. Motar ta yi tsit, sai ƙyas-ƙyas ɗin siginar da ya manta bai kashe ba. Baba ya daɗe yana kallon jajayen layukan nan. Bai waiwayo ni ba, kuma wallahi gara ya waiwayo. Can ya karɓa, ya buɗe, ya yi bismilla, ya sha har layi na uku, ya rufe ya ajiye a gefen ƙafarsa.

"Mu je," ya ce.

Ƙarfe tara daidai aka kira shi. Ban gama zama ba sosai, minti goma sha biyu na duba, sai ga shi ya fito yana gyara hula. Sista ta leƙo tana washe baki.

"Yau hoto fes, Hedimasta! Ba iska, mafitsara ta cika daidai. Haka nake so. Saura tara, idan aka riƙe wannan hanjinka zai gode maka. Duk wanda ya gyara wannan lamari a gidanku a ba shi tukuici."

Baba ya ce, "Za a ba shi."

A hanyar dawowa Sannu-Sannu sai satar kallona yake ta madubi yana murmushi, shi a dole ya yi abin kirki. Ni kuwa na ƙi haɗa ido da shi. A ƙofar gida Baba ya fita, ya zagayo ta wajen direba, abin da bai taɓa yi ba, ya ba shi hannu.

"Malam, na gode da ɗawainiya. Allah ya yi albarka. A gaida mutanen gida."

Malam. Da can "yarona" yake ce masa.

Muna shiga ya ce in kira Umma. Ya zauna a kujerarsa ta falo, bai cire hula ba, ni na zauna a ƙasa, Umma ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Yau an yi gashi lafiya, ba a sauko da ni ba," ya ce. "Zan ƙarasa tara ɗin nan in sha Allahu, zan kiyaye abin da aka ce. Wannan kin samu."

"Alhamdulillah, Baba, ni dama abin da..."

"Ban gama ba. Daga gobe tasi zan hau, uwarki za ta raka ni. Ke ki koma shagonki."

"Baba, don Allah ka tsaya ka ji. Jini fa na gani. Cewa ka yi za ka bar maganin."

"Na ce. Kuma da kin zo kin ce min, Baba, zan karya alƙawarinka, ga ranar ga lokacin, da na ji zafi amma da na san da wa nake zaune. Kwana uku kina zuba min shinkafarsu kina gyaran labule."

Umma ta ce, "Malam, yarinyar nan don kai ta yi."

"Na sani. Shi ma don ni ya yi, yaron kirki ne, ban musa ba." Ya kau da kai daga gare ni. "Amma ba zan iya ba. Ba zan zauna a kujerar nan yana durƙusa min, ni na san abin da ya sani, shi ya san na sani ba. Ki gaya masa da bakinki, tun da bakin yana aiki. Ya dakata da zuwa gidan nan. Maganar sa rana kuma a ajiye ta."

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya tura ƙofa a hankali. Umma ta bi shi tana kiran "Malam, Malam," ni na kasa ko motsi. Ina nan zaune a ƙasa, mayafina ya zame, sai wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Na ciro. Shi ne.

"Ranki ya daɗe, kin ga ban ce komai ba ko? Na yi daidai?"